Kwal Da Ruwa A Inugu: Bashin Da Ramukan Haƙa Suka Bari A Ƙarƙashin Ƙasa

INUGU — Duk direban da ya taɓa ɗauko lodin shanu ko albasa daga Arewa ya biyo ta Makurɗi da Obollo-Afor, ya san mahaɗar Ninth Mile, inda hanya ke rabuwa zuwa Inugu da Anacha. Abin da baƙo zai fara lura da shi a wannan wuri shi ne yawan tankokin ruwa da ke gangarawa cikin birni a cike, su komo wayam. Shekara da shekaru ke nan gidaje da otal-otal da kasuwannin Inugu da dama suke dogara da wannan ruwa na saye, alhali kuwa birnin yana cikin yankin da ake samun ruwan sama mai yawa, kuma rafuka suna ratsa unguwanninsa.

Dalilan wannan al'amari suna da yawa, amma akwai guda da ba a cika ambatonsa ba: tsaunin da ke tsakanin Ninth Mile da Inugu shi ne rumbun ruwan yankin, kuma a ƙarƙashin wannan rumbu ne aka yi kusan shekara 90 ana haƙar kwal. An daina haƙar, amma ruwan da ke fitowa daga ramukan bai tsaya ba. Ga 'yan kasuwar Arewa mazauna Inugu da Anacha da Fatakwal, waɗanda sana'o'insu na dabbobi da abinci da wanki ba sa yiwuwa sai da ruwa, wannan magana ce ta riba da faɗuwa.

Yadda kwal ya kafa garuruwa

A shekarar 1909 wani Bature masanin ma'adinai mai suna Albert Kitson ya gano kwal a tsaunukan Udi. An fara haƙa a 1915, kuma a 1916 layin dogo mai tsawon mil 151 ya haɗa mahaƙar da bakin teku. Saboda fitar da wannan kwal ne aka kafa tashar jiragen ruwa ta Fatakwal, kamar yadda Inugu kanta ta taso daga sansanin leburori, wanda har yau ake kiran unguwarsa Coal Camp.

Da layin ya zarce Arewa ta Makurɗi da Kafanchan, kwal ɗin Inugu ya zama abincin injunan jiragen ƙasa masu jigilar gyaɗa da auduga da kuza. A kan wannan hanya kuma fataken Arewa suka riƙa gangarowa da shanu da awaki domin ciyar da dubban ma'aikatan mahaƙa. Zamansu ya yi ƙarfi har ta kai a shekarun 1950 Malam Umaru Altine, ɗan kasuwar shanu daga lardin Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko.

An kafa Hukumar Kwal ta Nijeriya a 1950, bayan harbin da 'yan sandan mulkin mallaka suka yi a mahaƙar Iva Valley ranar 18 ga Nuwamba, 1949, inda ma'aikata 21 suka rasa rayukansu. Haƙar ta kai ƙololuwarta a ƙarshen shekarun 1950, lokacin da aka fitar da sama da tan 900,000 a shekara guda. Manyan masu saye su ne hukumar jiragen ƙasa, da tashar lantarki ta Oji River, da kamfanin siminti na Nkalagu.

Daga nan sai kasuwa ta fara ja da baya. Jiragen ƙasa suka koma amfani da man gas, man fetur ya karɓe ragamar tattalin arziki, sannan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya tsayar da aiki baki ɗaya. A cikin waɗannan shekaru famfunan zuƙe ruwa suka tsaya, ramuka suka cika da ruwa. An sake buɗe wasu bayan yaƙi, har aka kawo wani kamfanin ƙasar Poland mai suna Kopex a shekarun 1970 domin ya girka injunan haƙa na zamani a mahaƙun Onyeama da Okpara, amma shirin bai kai ga biyan buƙata ba, kuma ruwa na cikin manyan matsalolin da suka addabe shi. Zuwa farkon shekarun 2000 haƙar ƙarƙashin ƙasa ta tsaya a Inugu.

Rumbu a sama, rami a ƙasa

Kafin a fahimci dangantakar kwal da rijiya, wajibi ne a san yadda duwatsun yankin suke a jere, wani kan wani. A saman tsaunin akwai dutsen rairayi mai kauri wanda masana ke kira Ajali. Yana shan ruwan sama kamar soso, ya adana shi, kuma daga cikinsa ne rijiyoyin burtsatse na Ninth Mile suke ɗebo ruwa, a zurfin da kan wuce mita 100. Wannan ruwa ne ya jawo kamfanonin lemo da na sauran abubuwan sha suka kafa masana'antu a wurin.

Ƙarƙashin Ajali akwai wani jerin duwatsu da ake kira Mamu, inda shimfiɗun kwal suke kwance a tsakanin rairayi da yumɓu. Shimfiɗar da aka fi haƙa, wato ta uku, kaurinta bai cika wuce mita 2 ba. Ƙarƙashin Mamu kuma sai dutsen yumɓu na Inugu, wanda shi ne ya bayyana a filin da ke gindin tsauni, inda aka gina birnin. Yumɓu ba ya riƙe ruwan da za a iya ɗiba da yawa. Shi ya sa mutum zai kashe maƙudan kuɗi ya haƙa burtsatse a tsakiyar Inugu ya tashi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, kuma shi ya sa rijiyoyin hannu na unguwanni suke ƙafewa da rani.

Saboda haka ba daidai ba ne a ɗora wa kwal dukkan alhakin ƙarancin ruwa a Inugu. Yanayin ƙasar da birnin ke kai, da ƙaruwar jama'a, da lalacewar bututan gwamnati, duk suna da nasu kaso. Sai dai wannan yanayi shi ne ya ƙara wa maganar kwal nauyi, domin birnin da ba shi da ruwa a ƙarƙashinsa dole ya dogara da tsauni da rafukan da ke ɓuɓɓugowa daga jikinsa, kuma su ne haƙar ta taɓa.

Hanyoyi huɗu da haƙa ke taɓa ruwa

Hanya ta farko ita ce janye ruwa. An shiga mahaƙun Inugu ne ta gefen tsauni, ana bin kwal zuwa yamma, inda shimfiɗar ke gangarawa ƙasa a hankali. Ma'ana, duk lokacin da aka ƙara shiga ciki, ana ƙara nutsawa ƙarƙashin rumbun ruwa, kuma ruwan da ya tsiyayo ba zai fita da kansa ba, sai dai ya taru a wurin da ake aiki. Dole a zuƙe shi dare da rana. Ramin haƙa ta haka yakan zama tamkar wata babbar rijiya da ta fi kowace zurfi, ruwan kewaye ya riƙa karkata zuwa gare ta. Rijiyar maƙwabci da ba ta kai zurfinta ba sai ta ja baya, idon ruwa ya rage ƙarfi. Masanan da suka auna abin da ake zuƙewa daga mahaƙun Inugu lokacin da suke aiki sun samu cewa miliyoyin lita ne a kowace rana.

Hanya ta biyu ita ce tsagewar duwatsu. A tsohon tsari ana haƙa ne ana barin ginshiƙan kwal su tokare rufin rami. A tsarin injuna kuwa ana kwashe shimfiɗar gaba ɗaya, a bar rufin ya rufta a baya. Ko ta wace hanya, idan rufi ya zauna, tsaga takan haura sama har ninkin kaurin kwal ɗin sau da dama. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yumɓun da a da yake raba rumbun ruwa da kwal, da zarar ya tsage, ruwan sama ya samu hanyar sauka. A tsaunin Inugu akwai kuma tsagogi na asali a jikin duwatsun, waɗanda suka sauƙaƙa wa ruwa wannan tafiya.

Hanya ta uku ita ce tsami. A jikin kwal da yumɓun da ke kewaye da shi akwai wani ma'adini mai ƙyalli, haɗin ƙarfe da farar wuta, wanda ake kira fairait. Muddin yana binne ba ya cutar da kowa. Amma idan aka buɗe rami iska da ruwa suka same shi, sai ya haifar da asid, irin wanda ke cikin batirin mota, ko da yake ba da ƙarfinsa ba. Wannan ruwa mai tsami yana narkar da ƙarfe da manganis da alminiyam daga duwatsu. Idan ya fito fili ya haɗu da iska, ƙarfen ya zama tsatsa ya kwanta a gindin rafi, ja-ja kamar an zuba garin bulo.

Ana auna tsamin ruwa da ma'aunin pH. Ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya ta amince da 6.5 zuwa 8.5, ta kuma ƙayyade ƙarfe kada ya wuce miligiram 0.3 a lita guda. Saukar mataki ɗaya a wannan ma'auni na nufin tsami ya ninka sau goma, don haka ruwa mai 3.5 ya fi mai 6.5 tsami sau dubu. Binciken da aka yi ta yi a ruwan mahaƙun Inugu ya sha nuna adadin da ke ƙasa da ƙa'ida sosai, tare da ƙarfe fiye da kima. Irin wannan ruwa yana cin famfo da bututu da duk wani ƙarfe, wanda ya ƙara wa haƙar tsada.

Hanya ta huɗu ita ce wadda ke zuwa bayan an rufe mahaƙa. Idan famfuna suka tsaya, ruwa yakan cika ramuka sannu a hankali, ya narkar da gishirin tsamin da ya taru a bango, daga nan ya nemi mafita ta tsofaffin ƙofofi da tsagogi. Ruwan mahaƙar Onyeama yana gangarawa kogin Ekulu, wanda ke bi ta arewacin birni wajen Abakpa da Emene, na mahaƙar Okpara kuma yana shiga kogin Nyaba ta kudu. Jama'a na wanki da wanka a waɗannan koguna, kuma rijiyar da ke kusa da gaɓa takan jawo ruwan kogi idan aka matsa mata da ɗiba. Da damina ruwan sama yana sirka tsamin, da rani kuwa, lokacin da aka fi buƙatar ruwa, sirkin ya fi ƙaranci.

Wa ke biyan kuɗin?

A ilimin tattalin arziki akwai irin asarar da ba ta shiga littafin mai sana'a, sai ta faɗa kan waɗanda ba su ci ribar ba. Farashin kwal ɗin Inugu ya ƙunshi ladan lebura da kuɗin lantarkin famfo da na dako, amma bai ƙunshi kuɗin gyara kogi ba, kuma ba a ware wani abu domin shekarun bayan rufewa ba. Wannan gurbi yana nan, ana cike shi kaɗan-kaɗan daga aljihun mai sayen ruwa.

Misali ɗaya zai wadatar. A ɗauka falke ya sauke shanu 30 a kara, kowace tana shan lita 40 a yini saboda zafi da gajiyar hanya. Lita 1,200 ke nan, wato jarka 48 masu cin lita 25, kafin a yi maganar wanke wuri. Idan ciniki ya yi jinkiri har mako guda, lissafin ya ninka sau bakwai. Kasuwannin dabbobi da suka yi suna a jihar, irin su New Artisan da Gariki ta Awkunanaw da Ugwuoba a kan hanyar Anacha, duk wannan lissafi ya shafe su, haka ma mahauta da masu tuwo-tuwo da masu shayi da masu wanki da guga, da masallatan da ke tanadar ruwan alwala. 'Yan ga-ruwa, waɗanda da yawansu 'yan Arewa ne, suna samun abinci daga wannan ƙaranci, amma su ma saye suke yi kafin su sayar.

A watan Nuwamba na 2023 gwamnatin Jihar Inugu ta ƙaddamar da sabon aikin ruwa a Ninth Mile domin ƙara yawan abin da ke isa birni, baya ga tsofaffin ayyukan Ajali da Oji River. Wannan ya ƙara tabbatar da cewa makomar ruwan Inugu tana cikin dutsen rairayin da ke saman kwal.

Anacha da Fatakwal ba su da ramukan kwal a ƙarƙashinsu, amma darasin bai wuce su ba. Mazauna biranen biyu sun dogara ƙwarai da burtsatse na gida da na kasuwa, kuma a Jihar Ribas an riga an ga yadda wani arzikin ƙasa ya lalata rijiyoyi. Rahoton da Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar kan ƙasar Ogoni a 2011 ya nuna cewa a rijiyoyin Nisisioken Ogale, kusa da Fatakwal, sinadarin benzin mai haddasa ciwon daji ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900. Can man fetur ne, nan kwal, amma mai rijiya ne ke kwana a ciki.

Abin da wasu ƙasashe suka yi

Ƙasashen da suka riga Nijeriya shiga harkar kwal sun gane cewa bashin ruwa ba ya mutuwa da mutuwar kamfani. A Jamus an rufe mahaƙar baƙin kwal ta ƙarshe, Prosper-Haniel, a Disamban 2018, amma wata gidauniya da aka kafa tun 2007 tana kashe sama da Yuro miliyan 200 a shekara wajen zuƙe ruwa da tace shi, aikin da su da kansu suke kira na har abada. A Birtaniya hukumar kwal da aka kafa a 1994 tana gudanar da wuraren tace ruwan tsofaffin mahaƙu fiye da 70.

A Amurka dokar 1977 ta ɗora haraji a kan kowane tan na kwal domin gyara mahaƙun da aka yi watsi da su, sannan wata doka ta 1992 ta wajabta wa mai haƙar ƙarƙashin ƙasa ya maye wa jama'a ruwan shan da aikinsa ya ɓata ko ya ƙafar. A Afirka ta Kudu kuwa an ga fuskoki biyu: a 2012 ruwan mahaƙu ya gurɓata madatsar garin Carolina har mazauna suka yi watanni ba su iya shan ruwan famfo, yayin da a eMalahleni aka buɗe wata masana'anta a 2007 mai mayar da ruwan mahaƙa ruwan sha, ana sayar wa hukumar gari.

Nijeriya ma ba ta rasa dokoki ba. Doka mai lamba 86 ta 1992 ta wajabta nazarin tasirin manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara su. Dokar ma'adinai ta 2007 ta tanadi asusun kare muhalli da gyara shi, ta kuma wajabta wa mai lasisi ya ƙulla yarjejeniya da al'ummar da zai yi aiki a ƙasarta. Sai dai waɗannan dokoki sun zo ne bayan an gama haƙa mafi yawan ramukan Inugu.

Abin lura ga 'yan kasuwa

Gwamnatin Tarayya ta sanya kwal cikin ma'adinai bakwai da ta ba muhimmanci, kuma maganar farfaɗo da shi domin lantarki da siminti takan taso lokaci zuwa lokaci. Akwai kwal a Okaba ta Jihar Kogi, da Owukpa ta Binuwai, da yankin Lafiya-Obi na Nasarawa, da Maiganga ta Gombe inda ake haƙarsa a buɗaɗɗen rami domin simintin Ashaka. A Jamhuriyar Nijar ma kamfanin Sonichar ya daɗe yana haƙarsa kusa da Agadas. Ke nan batun bai tsaya ga Inugu kaɗai ba.

Mai niyyar sayen fili ko kafa sana'a mai cin ruwa, kamar gidan burodi ko ƙanƙara ko ruwan leda, ya kamata ya binciki tarihin wurin, ya nemi masanin ƙasa ya duba kafin a kafa injin haƙa. A kai ruwa ɗakin gwaji sau biyu, da rani da damina, a auna tsami da ƙarfe da manganis, ba ƙwayoyin cuta kaɗai ba. Jan tabo a bokiti da fararen tufafi, da ɗanɗanon ƙarfe a baki, da saurin cinyewar famfo, duk alamu ne. Tafasa ruwa tana kashe ƙwayoyin cuta amma ba ta cire ƙarfe, alif kuma yana kwantar da laka ne kawai, ba ya rage tsami. Abin da ke aiki shi ne a bi da ruwan ta cikin dutsen farar ƙasa, a ba shi iska, sannan a tace shi da rairayi, kuma ƙungiyar kasuwa za ta fi mutum ɗaya iya ɗaukar wannan nauyi.

Inda kuma ake shirin buɗe sabuwar mahaƙa, abu mafi arha da al'umma za ta yi shi ne ta auna zurfin ruwan rijiyoyinta da igiya, ta rubuta da kwanan wata, ta ajiye sakamakon gwaji tun kafin a sa diga. Wanda ba shi da shaidar yadda rijiyarsa take a da, zai sha wuya wajen neman diyya daga baya. Shugabannin al'umma da na kasuwanni suna da damar neman ganin rahoton nazarin muhalli lokacin da aka baje shi ga jama'a, su tambayi nawa aka ware domin ruwa, a hannun wa kuɗin yake, kuma wa zai ci gaba da tace ruwan bayan kamfani ya tattara kayansa.

Mai zuba jari shi ma wannan tambaya ta shafe shi. Aikin kwal da ribarsa ta dogara ga barin kuɗin ruwa a wajen lissafi, ba riba ba ce, bashi ne da aka jinkirta biyansa. A Inugu an yi fiye da shekara 20 rabon da a fitar da kwal daga Onyeama da Okpara, amma ruwan ramukansu yana ci gaba da gangarawa Ekulu da Nyaba, tankoki kuma suna ci gaba da saukowa daga Ninth Mile kowace safiya.